Yadda Ake Motsa Jiki da Bidiyo a Gida, da Abin da Bincike Ya Gano a Kai

Ranar da na fara bin bidiyon motsa jiki, jingina wayata na yi da fulas ɗin shayi a kan teburin falo, na danna wani bidiyo na minti 30 wanda wani ƙosasshen saurayi ke ta tsalle a ciki kamar an sa masa sabon batir. A minti na 11 na zube kan tabarma ina haki, shi kuwa ko gezau, sai murmushi yake yana cewa saura kaɗan. Washegari da asuba ruku'u ya nemi ya gagare ni, tashi daga sujada kuwa sai da na dafa bango. Kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya. Daga nan na jingine abin har wata biyu.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga saurayin nan ba shi da laifi. Bidiyo ba ya ganin mai kallonsa. Bai san na haura 40 ba, bai san rabona da gudu tun ƙwallon sakandare ba, bai san fankar ɗakin a tsaye take don an ɗauke wuta ba. Mai horarwa na zahiri zai dube ka ya ce dakata, gyara ƙafarka, je ka huta. In bidiyo kake bi, wannan aikin kai za ka yi wa kanka, kuma akasarin matakan da ke tafe koyon wannan aikin ne.

Shin abin yana aiki ma kuwa?

Bin umarnin wanda ba ku tare ba sabon abu ba ne. A 1928 rediyo ya fara watsa atisayen safe a Japan, har yau kuma ana yinsa a makarantu da ma'aikatu. A 1982 kaset ɗin bidiyon Jane Fonda ya shigar da abin falukan Amurka. Sai ga kullen korona: ranar 24 ga Maris 2020, wani mai horarwa a Ingila, Joe Wicks, ya tara masu kallo sama da 950,000 a lokaci guda a YouTube. Wannan kullen ne ya ba masu bincike damar gwada abin da kyau, tunda an rufe wuraren motsa jiki, kowa yana gida.

A Jami'ar Minnesota ta Amurka an ɗauki matasa 64 aka kasa su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana tura musu bidiyon atisaye ta YouTube kowane mako, ɗaya kashin kuma bidiyon faɗakarwa kan lafiya kawai. Bayan mako 12, waɗanda ke samun bidiyon atisayen sun fi ɗaya kashin yawan motsi mai sa haki, sun fi su yawan atisayen ƙarfafa tsoka, barcinsu ma ya fi inganci. An wallafa sakamakon a 2022.

A Kanada kuma, masu bincike na Jami'ar British Columbia sun gwada manya 334 waɗanda ba su cika motsa jiki ba. Aka ba wasu manhajar yoga, wato atisayen miƙe jiki da daidaita numfashi, wasu manhajar atisaye mai zafi, wasu duka biyun, wasu kuma aka ce su jira. Abin da aka nema daga gare su shi ne minti 20, sau huɗu a mako, har mako shida. Alamomin ciwon damuwa sun ragu a wurin masu atisayen, kuma waɗanda damuwar ta fi yi wa katutu tun farko su suka fi amfana.

Sai dai a lura: mako shida da mako 12 ba shekara ba ne, kuma waɗannan mutanen sun san ana bibiyarsu, ana tambayarsu sun yi ko ba su yi ba. Kai da ke ɗakinka babu mai tambayar ka. Haka nan gwaje-gwajen da suka kwatanta atisayen ƙarfi a gaban mai horarwa da na mutum shi kaɗai, galibi sun nuna mai sa ido a kansa ya fi samun ci gaba. Ke nan bidiyo yana aiki, amma giɓin sa idon nan yana nan, kuma shi za mu cike.

Mataki na 1: Tambayi jikinka kafin ka tambayi YouTube

Mai lafiya da zai fara da abu mai sauƙi ba sai ya je asibiti ba. Amma ka ga likita tukuna idan kana da ciwon zuciya ko na ƙoda, ko kana jin ciwo ko nauyi a ƙirji in ka hau bene, ko ka taɓa suma ko jiri mai tsanani, ko an yi maka tiyata kwanan nan. Mai hawan jini ya tabbatar jininsa ya daidaita da magani, kuma kada ya riƙa riƙe numfashi yayin yunƙuri, don hakan na cilla jini sama nan take. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin rage suga irin su glibenclamide, sugansa na iya faɗuwa ana tsakiyar atisaye, don haka ya ajiye dabino ko lemon kwalba a kusa, kada kuma ya yi da yunwa. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa inda hannunsa zai kai.

Akwai wanda bidiyoyin ƙasashen waje ba sa ambata amma mu ya shafe mu: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji ƙwayar halittar sikila daga ɗaya cikin iyayensa amma ba shi da ciwon. Mai AS zai iya motsa jiki kamar kowa, sai dai haɗuwar abu uku tana masa haɗari fiye da sauran mutane: matsanancin yunƙuri, zafi, da ƙarancin ruwa a jiki. Shi ne na farkon wanda ya kamata ya toshe kunne in mai bidiyo ya ce kada a tsaya. Mai sikila kuwa, likitansa ne zai yanka masa iyaka.

Mai juna biyu da cikinta ke lafiya, ana ma ƙarfafa mata gwiwa ta motsa jiki, amma ta nemi bidiyon da aka yi don masu ciki, ta guji doguwar kwanciya rigingine bayan wata uku na farko, ta kuma sanar a wurin awo. Wadda aka yi wa aiki wurin haihuwa ta jira izinin likita.

Mataki na 2: San inda aka dosa

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai zafi, sannan atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wanda ya kai 65 ya ƙara da na daidaita tsayuwa kwana uku, saboda tsoron faɗuwa. Alƙaluman hukumar na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa cika wannan, mata kuma sun fi maza gazawa.

Ta yaya za ka bambance matsakaici da mai zafi ba tare da agogon auna bugun zuciya ba? Da bakinka. In za ka iya yin magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici kake. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai zafi. Watan farko duka a matsakaici za ka zauna.

Kuma ba bidiyo kaɗai ake lissafawa ba. Tafiya da sauri zuwa kasuwa, daka, jan ruwa a rijiya, noma, duk suna shiga lissafi muddin sun sa ka haki. An ma cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi.

Mataki na 3: Zaɓen bidiyo

A nan yawancinmu muke faɗuwa, don ido muke bi. Muna zaɓen wanda jikinsa ya burge mu, alhali shi ya shekara goma yana abin, wataƙila ma sana'arsa ke nan. Ka zaɓi bidiyon da kake ganin ya yi maka sauƙi har kana jin kunyar a gan ka kana bin sa. Wannan shi ne daidai kai.

Da yake akasarin bidiyoyin da Turanci suke, kalmomin da za ka rubuta a wurin nema su ne beginner, low impact, no jumping, no equipment, ko walk at home. Na ƙarshen tafiya ce a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa ana matsawa gefe da gefe, kuma a ganina babu abin da ya fi ta dacewa da mai farawa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci su nemi débutant da sans saut. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana da bidiyoyi kyauta da ƙwararru suka shirya. Rashin jin yaren ba matsala ba ne sosai, tunda ido ke yin rabin aikin. Wanda kiɗa ke damunsa ya kashe sautin. Matan da shigar masu horarwar ba ta kwanta musu ba, akwai mata masu horarwa cikin cikakkiyar sutura in an nema.

Bidiyo na ƙwarai yana da alamomi. Yana farawa da ɗumama jiki na 'yan mintuna, yana ƙarewa da sassautawa. Mai horarwar yana bayanin yadda ake tsayuwa da inda za ka ji aikin a jikinka, ba ihu kawai ba. Akwai hanya mai sauƙi ta kowane motsi, sau da yawa mutum na biyu a gefe yana nuna ta. Akwai agogo a fuskar bidiyon da ke nuna saura daƙiƙa nawa. Sannan in ka duba bayanin tashar za ka ga ya faɗi abin da ya karanta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 masu bincike a Jami'ar Kudancin Ostareliya sun tace manyan shafukan motsa jiki 100 na Instagram, ƙasa da rabi ne suka tsallake a matsayin abin dogaro. Yawan mabiya ba shaidar ilimi ba ce.

Ga kuma waɗanda za ka wuce su ko da miliyan nawa suka kalla.

Na farko, duk mai alƙawarin narkar da tumbi cikin kwana bakwai ko 14 da atisayen ciki. An gwada wannan. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a Amurka, an raba mutum 24 gida biyu, kashi ɗaya suka yi atisayen ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida, ba tare da an canza musu yawan abinci ba. Tsokar cikinsu ta ƙara juriya, amma kitsen cikin da faɗin ƙugun suna nan yadda suke. Jiki ba ya ɗebe kitse daga wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗiba, bisa tsarinsa. Wanda ke son tumbi ya sauka, dole maganar ta biyo ta kwanon tuwo, da lemon kwalba, da cokalin sukarin shayi. Atisaye kaɗai ba ya rage nauyi da yawa, ko da yake yana gyara hawan jini da suga da barci tun kafin sikeli ya motsa.

Na biyu, wanda rabin bidiyon tallan shayin rage ƙiba ne ko ɗamarar matse ciki. Ɗamarar nan zufa take fitarwa, zufa kuma ruwa ce, kofi biyu za ka sha ta dawo.

Na uku, masu cewa minti huɗu ya wadatar. Asalin maganar binciken Izumi Tabata ne na Japan a 1996: daƙiƙa 20 na yunƙuri, 10 na hutu, sau takwas. Amma samari ne da suka saba da wasanni suka yi shi a kan keken atisaye, da ƙarfin da ke kai su ga ƙarewa gaba ɗaya a zagaye na bakwai ko na takwas. Abin da ake yi a falo da sunan Tabata bai kai wannan ba, in kuwa ya kai, to ba na mai farawa ba ne. Haka shahararren atisayen minti bakwai: daga wata maƙala ta 2013 ya fito, motsi 12, kowanne daƙiƙa 30, kuma su kansu marubutan cewa suka yi a maimaita zagayen sau biyu ko uku. Minti bakwai ya fi babu nesa ba kusa ba, amma kada a yi masa ganin kitse.

Bidiyo uku sun ishe ka: ɗaya na tafiya ko makamancinta mai minti 10 zuwa 15, ɗaya na ƙarfafa tsoka ba da kayan aiki ba, ɗaya na miƙe gaɓoɓi. Kada ka tara 40. Mai bidiyo 40 kullum zaɓe yake yi har lokacin ya wuce.

Mataki na 4: Sauke shi, ka kalle shi a zaune

Tunda bidiyo ɗaya za ka yi ta maimaitawa, asarar data ce ka riƙa kallon sa kai tsaye kullum, ga tsayawar sabis ana tsakiyar tsugunne. Manhajar YouTube tana barin a ajiye wasu bidiyoyin don kallo ba intanet. Wajen ingancin hoto, ka zaɓi 360p. Na minti 20 a 360p wajen megabait 100 yake ci ko ƙasa da haka, kuma za ka ga hannu da ƙafa sarai. In wani a gida ya riga ya samu, a tura maka.

Sannan ka kalle shi tun daga farko har ƙarshe kana zaune, kamar fim. Ka lura da motsin da ka san gwiwarka ko bayanka ba za su ɗauka ba, ka yanke tun yanzu abin da za ka yi a madadinsu. Inda ake tsalle, kai ka taka. Inda ake tura ƙasa da hannuwa, kai ka tura bango.

Mataki na 5: Wuri da kaya

Filin da ya kai shimfiɗar tabarma biyu ya isa. Miƙa hannuwanka ka juya, in ba ka taɓa komai ba shi ke nan. Ka kuma ɗaga su sama ka tabbatar fankar silin ba ta kusa. Tabarmar roba a kan tayil santsi take yi, ni ta taɓa kwashe ni har na buge gwiwar hannu da ƙafar kujera. Atisayen tsaye ka yi shi a kan siminti ko tayil busasshe da kambas, ko ba takalmi in babu tsalle, amma ban da safa kuma ban da silifas. Mai ciwon suga kada ya yi ba takalmi. Na kwance kuwa, darduma mai kauri ko bargo ninki biyu.

Ɗora wayar a daidai ƙirji ko fuska, kan teburi ko taga. In tana ƙasa, wuyanka zai yi ta sunkuyo, tsayuwarka ta lalace. Sa ta a yanayin jirgin sama, don saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya mayar da hutun daƙiƙa 20 ya zama na minti 20.

Ba sai ka sayi ƙarfe ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan gorar lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce a kowane hannu, in ka cika ta da yashi ta haura kilo biyu. In ƙarfi ya zo, jarkar lita biyar tana nan. Kujerar da za ka dafa ta zama ta katako ko ƙarfe, a jingine da bango. Farar kujerar roba ta biki ba abin yarda ba ce.

Sai zafi. Masu bidiyon nan a ɗaki mai sanyi suke ɗauka. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma da rana tanda ne. Lokacin bazara bayan asuba ne lokacinka, ko bayan isha, a tsakar gida in da hali. Sha ruwa kafin ka fara, ka ajiye wani kusa. Da hunturu kuwa akasin haka: ranar da ƙura ta yi yawa a koma ɗaki, musamman mai asma, a kuma tsawaita ɗumama jiki.

Mataki na 6: Yanke rana da sa'a, ka rubuta

Wannan yana kama da wasa amma yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfi a binciken. A Ingila a 2002 an wallafa gwajin da aka yi da ɗalibai 248. Wasu an bar su haka, wasu an karanta musu amfanin motsa jiki da haɗarin ciwon zuciya, wasu kuma bayan karatun aka sa su rubuta ranar da za su yi, da lokacin, da wurin. A kashi biyun farko, waɗanda suka motsa jiki a makon ba su kai 40 cikin 100 ba. A kashi na uku, 91 cikin 100 ne. Wa'azi kaɗai bai ƙara komai ba, rubuta lokacin ne ya yi aikin.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman agogo, ranarmu a yanke take da salloli biyar. "Litinin, Laraba da Asabar, da na dawo daga sallar asuba, a falo." Uwargida kuma wataƙila: "Da yara sun tafi makaranta, kafin in ɗora girki." Rubuta a takarda ka manna inda za ka gani. Samun abokin yi, ko mata da miji, ko maƙwabciya, ko ƙungiyar WhatsApp ta mutum uku da kowa zai rubuta "na yi", shi ne ke maye gurbin masu binciken nan da ke bibiyar mutanensu.

Mataki na 7: Ranar farko

Kada ka tsallake ɗumama jiki don kana sauri. In lokaci ya ƙure, tsakiyar za ka rage.

Maɓallin dakatarwa naka ne, yi amfani da shi ba kunya. In mai horarwar ya fi ka sauri, shiga saitin bidiyon ka mayar da gudunsa 0.75. In ya yi 15 kai ka yi takwas masu kyau, ka ci riba. Kada ka damu da hagu da dama, shi yana fuskantar ka ne don haka a juye kuke. Abin lura kawai kowane ɓangare ya samu daidai da ɗan'uwansa. Fitar da numfashi lokacin yunƙuri, ja shi lokacin komawa.

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani: sau ɗaya a mako, ari wata wayar ka ɗauki kanka ta gefe na minti ɗaya, ka kwatanta da mai horarwar. Abin da kake ji kana yi da abin da kake yi ba ɗaya ba ne. Ni na rantse bayana a miƙe yake, sai da na ga kaina kamar baka. In ka gama dubawa ka goge, musamman mata, tunda waya tana shiga hannun yara da masu gyara.

Abin da za ka duba a manyan motsi uku:

Tsuguna-miƙe: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ka tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna a kujera, diddige a manne da ƙasa, gwiwoyi suna kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, kada su karkato ciki su nemi haɗuwa. Mai farawa ya sa kujerar gaske a bayansa, ya taɓa ta ya miƙe.

Turin bango ko ƙasa: jiki a miƙe tun daga kai har diddige, gwiwar hannu ba a baje ta kamar fiffike ba, a ɗan matso da ita kusa da haƙarƙari. Daga bango a koma gefen teburi mai ƙarfi, daga nan ƙasa bisa gwiwoyi, sannan cikakke. Tsakanin kowane biyu ana iya yin makonni.

Dafa ƙasa da gwiwar hannu a miƙe kamar katako: da zarar ƙugu ya fara lotsawa ƙasa, an gama, ko agogon bidiyon bai cika ba. Daƙiƙa 15 a miƙe sun fi 60 a lotse, don lotsawar ƙasan baya take ci.

Mataki na 8: Ƙari kaɗan-kaɗan

Ga tsarin da na bi a karo na biyu, kowa ya gyara shi daidai jikinsa. Mako biyun farko, bidiyon tafiya na minti 10 zuwa 15, kwana uku, da na ƙarfafa tsoka na minti 10 sau ɗaya. Mako na uku da na huɗu, minti 20, kwana huɗu, na tsoka ya koma sau biyu, ba a jere ba. Na biyar da na shida, minti 25. Na bakwai da na takwas, minti 30 sau biyar, ka ga 150 ta cika. In wannan ƙarin ya yi maka yawa, ƙara abu ɗaya a lokaci guda: ko tsawo, ko yawan kwanaki, ko zafi. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Sai bidiyo ya zama kana gama shi kana hira kafin ka nemi na gaba da shi.

Mataki na 9: Bambance tsami da ciwo

Tsamin jiki bayan sabon atisaye ba cuta ba ne. Yakan fara washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa, kuma tafiya a hankali tana sassauta shi fiye da kwanciya. A tsoka ake jin sa, a ɓangarori biyu daidai. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne ciwo mai suka a gaɓa, gwiwa ko kafaɗa ko ƙasan baya, musamman gefe ɗaya, ko mai kumburi.

Ciwon ƙirji, ko wanda ke sauka hannu ko muƙamuƙi, jiri, ganin duhu, bugun zuciya ba bisa tsari ba, numfashin da ya ƙi dawowa bayan hutu: a tsaya nan take a nemi asibiti. Haka in bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, fitsari kuma ya koma kalar baƙin shayi. Wannan alamar tsoka ce ta farfashe, abin da ke fita daga cikinta yana iya lalata ƙoda, kuma an fi ganin sa ga wanda ya daɗe bai motsa ba ya afka wa atisaye mai zafi rana ɗaya. Ba a jiran gobe da shi.

Mataki na 10: Awo, fashi, da azumi

Sikeli yakan karya gwiwa a watan farko, don haka ka nemi wasu ma'aunan. Zauna a kujera, rungume hannuwa a ƙirji, ka ƙirga sau nawa za ka miƙe ka zauna cikin daƙiƙa 30. Rubuta, ka sake bayan wata ɗaya. Ari tef ɗin tela ka auna cikinka a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan ka fitar da numfashi ba tare da ka shanye ciki ba. Abin da ake so kada awon ya kai rabin tsawonka: mai tsawon santimita 170 ya zauna ƙasa da 85.

Fashi kuwa za ka yi shi, biki zai zo, baƙi za su zo, zazzaɓi zai zo. Wani bincike na Kwalejin Jami'ar Landan da ya bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a ya gano cewa a tsaka-tsaki kwana 66 ake ɗauka kafin abu ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ke nan maganar kwana 21 da ake yawan yaɗawa ba ta da tushe mai ƙarfi. Ranar da ka ji ba ka so, ka ce minti biyar na ɗumama jiki kawai za ka yi. Galibi in an fara ana ƙarasawa. Bayan zazzaɓi, sai jiki ya warware sarai, kuma da rabin abin da ka saba za ka dawo.

Da azumi kada ka nemi ci gaba, riƙe abin da ka samu kawai. Bidiyo mai sauƙi na minti 10 zuwa 15 dab da shan ruwa, yadda kana gamawa ana kiran magariba, ko kuma na tsoka bayan asham in abinci ya faɗa. Ban da tsakar rana, ban da mai zafi da baki a bushe. Mai ciwon suga da ke azumi ya bar atisayen sai bayan buɗa-baki. In kuma watan ya wuce ba ka taɓa wayar don wannan ba, bayan salla ka koma baya da mako biyu ko uku a jadawalin, kada ka ɗora daga inda ka tsaya.